Babi na Biyar: Na'urar da Ke Karanta Hoton Ƙirji

Ɗaukar hoton ƙirji ba abu ne mai wuya ba. A 1895 Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya bayyana ƙashi, yau kuwa aikin bai wuce a tsayar da mutum, a ce ya ja numfashi ya riƙe, a danna maɓalli ba. Wahalar tana wajen karatu. A hoton huhu komai ya hau kan komai: haƙarƙari, zuciya, jijiyoyin jini, duk inuwa ce a bisa inuwa, kuma a cikin wannan cakuɗa ake laluben ɗan hazo a saman huhu, ko ƙaramin ramin da ƙwayar tarin fuka ta haƙa. Likitan da zai ƙware a wannan karatu sai ya ƙara shekaru yana koyo bayan ya gama makarantar likitanci. A Najeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, irin waɗannan ƙwararru ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mafi yawansu kuma suna manyan birane da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato da Maiduguri. Akwai ƙananan hukumomi da yawa da ko an ɗauki hoton, babu idon da ya ƙware da zai dube shi.

Tarin fuka ne ya mai da wannan ƙaranci lamarin rai da mutuwa. Babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawan masu kamuwa da shi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya kai kusan mutum rabin miliyan a kowace shekara. Ciwo ne mai warkewa. Magani na wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Abin da ke kashe mutane shi ne ba a gano su. A 2019 waɗanda aka gano aka sa wa magani ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba. Sauran suna gida, ana cewa sanyi ne ya kama su, ana sayo maganin tari a kemis, ana jiƙe-jiƙe, suna kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne binciken gida-gida da aka yi a ƙasashen Afirka da Asiya da dama ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu ƙwayar cutar a kakinsu ba su kawo ƙorafin dogon tari ba. Ke nan tambayar "Malam, kana tari?" ba ta isa ta zaƙulo su ba. Hoto kuwa yakan nuna tabo tun mutum bai fara jin jiki ba.

Akwai gwajin kaki mai inganci, na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin kamar sa'a biyu takan faɗi ko akwai ƙwayar cutar, har ta nuna ko mai bijire wa babban maganin ce. Sai dai kowane gwaji yana cin kwanso guda, wanda ya daɗe ana sayen sa kusan dala 10 kafin a rage shi zuwa kusan dala 8 a 2023. Ba za a iya yi wa gari guda wannan gwaji ba. Dole a fara tantancewa, a ware waɗanda suka fi kama da masu ciwon, su ne za a karɓi kakinsu. Hoton ƙirji ne ya fi dacewa da wannan aiki, in da mai karanta shi.

A nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ana iya amfani da manhajar kwamfuta a madadin mutum wajen karanta hoton ƙirji domin tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Manhajoji uku aka auna kafin yanke wannan shawara: CAD4TB ta kamfanin Delft Imaging na ƙasar Holan, da qXR ta Qure.ai na Indiya, da ta kamfanin Lunit na Koriya ta Kudu. A lokaci guda kuma na'urar ɗaukar hoton kanta ta ƙanƙance har ta koma abin da mutum zai goya a jaka, tana aiki da batir. Ƙungiyoyin yaƙi da tarin fuka a Najeriya, irin su KNCV, sun ɗora irin waɗannan kayan aiki a motoci, suna shiga kasuwanni da unguwanni da gidajen gyaran hali. Mutum ya tsaya, a ɗauka, kafin ya gama mayar da rigarsa sakamako ya fito a allon kwamfuta: wani launi a daidai wurin da manhajar take zargi, da kuma maki tsakanin 0 da 100. Adadin waɗanda ake ganowa a Najeriya ya haura 300,000 a 2023. Ba na'urar hoto kaɗai ta yi wannan aiki ba, domin an ƙara injinan gwajin kaki, an jawo asibitoci masu zaman kansu da masu kemis, an baza ma'aikatan sa-kai. Amma tana cikin abubuwan da suka sa aka isa ga mutanen da ba su taɓa zuwa asibiti ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda irin wannan manhaja take koyo, domin amfaninta da haɗarinta duk daga nan suka taso. Babu wanda ya zauna ya rubuta mata cewa in ta ga rami a saman huhu tibi ne, wato tarin fuka. An yi irin wannan yunƙuri a shekarun 1970, lokacin da Edward Shortliffe ya gina MYCIN a Jami'ar Stanford da ƙa'idoji kusan 600 kan cututtukan jini, amma bai taɓa shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Ta yanzu misalai ake tara mata, dubun dubata, a ce wannan mai ciwo ne, wannan lafiyayye. Ta yi hasashe, a nuna mata kuskurenta, ta gyara lissafinta, a sake, har ta kai ga kamawa. Kamar yaron da ya tashi a kara ne: saniya na tafe daga nesa zai ce maka ba ta da lafiya, kuma yawanci gaskiyarsa ne, amma ka ce ya bayyana maka abin da ya gani, sai ya rasa ta cewa. Bambancin shi ne yaron ya san mece ce saniya. Manhajar ba ta san huhu ba, ba ta san mutuwa ba. Abin da ya saba zuwa tare da kalmar "ciwo" a hotunan da aka nuna mata shi ta riƙe.

Duk da haka, a wannan ƙunƙuntaccen aiki ta yi abin a yaba. A wani babban bincike da aka yi a Dhaka, babban birnin Bangaladash, aka buga a 2021, an gwada manhajoji biyar a kan hotunan mutum kusan 24,000 waɗanda aka riga aka yi wa gwajin kaki. Duka biyar ɗin sun fi ƙwararrun likitocin hoto da aka kwatanta su da su. Ba ta gajiya. Hoto na ɗari biyu da za ta duba da la'asar, da idon da ta dubi na farko da hantsi za ta dube shi. Ni dai ina ganin wanda ya ƙi wannan alheri don kawai na'ura ce, bai yi wa talakan da ke tari a ƙauye adalci ba.

Amma binciken na Dhaka ya nuna wani abu da ba a cika faɗa a taron ƙaddamarwa ba. Ingancin manhajojin ya ragu a kan tsofaffi, da kuma waɗanda suka taɓa yin tarin fuka suka warke, saboda tsohon tabo da sabon ciwo suna kama a hoto. Mu ƙara da namu: masu haƙar zinariya a Zamfara da masu fasa dutse a kwari, waɗanda ƙurar dutse ke bar wa tabo a huhu, hotonsu zai iya jawo maki mai yawa ko da babu tibi, kuma su ɗin ne ƙurar ta fi jefawa cikin haɗarin kamuwa da shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 kuwa, waɗanda gano ciwon a jikinsu ya fi wahala tunda ba su iya fitar da kaki, shawarar 2021 ba ta haɗa da su ba, don shaidar da ake da ita a lokacin ba ta kai ba.

Sai batun makin nan, wanda a ganina shi ne zuciyar lamarin. Manhajar ba ta cewa "yana da tibi" ko "ba shi da shi". Lamba take bayarwa. Mutum ne zai zauna ya ce daga maki kaza zuwa sama za mu karɓi kaki. A ce an sa iyakar a 40: za a kama kusan kowa mai ciwon, amma za a tura lafiyayyu da yawa gwaji, kwanson GeneXpert ya ƙare kafin wata ya mutu, waɗanda suka zo daga baya su rasa. A ce an ɗaga ta zuwa 70: kwanso zai isa, amma wasu masu ciwon za su koma gida da tabbacin cewa na'ura ta duba su ba ta ga komai ba, wanda ya fi rashin dubawar muni, domin yanzu ko tarin ya tsananta ba za su yi saurin dawowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane wuri ya auna iyakar da ta dace da mutanensa, har ta fitar da jagorar yin hakan. Sabon zubin manhaja in ya fito, ma'anar makin tana iya sauyawa, sai an sake awo. Wannan hukunci ne na waye za a nema, waye za a bari, kuma bai kamata a bar shi a hannun wanda ya sayar da kayan ba, ko a kwafo lambar da aka yi amfani da ita a wata nahiya. Aikin hukumar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa ne, da jami'o'inmu, su auna da huhun mutanenmu.

Dalilin nacewa a kan awo na gida shi ne irin waɗannan manhajoji suna da halin bin gajeriyar hanya. A 2018 masu bincike a asibitin Mount Sinai na New York suka horar da wata don gano ciwon nimoniya a hoton ƙirji. Ta yi kyau a gida, da aka kai ta wasu asibitoci sai ta yi rauni. Da aka bincika, ashe ta koyi gane asibitin da hoto ya fito ta hanyar alamomin da ake bugawa a gefensa, tunda wani asibitin ya fi wani yawan masu ciwon. Ta kuma lura da hotunan da aka ɗauka da na'urar da ake turawa bakin gado, wadda ake kai wa waɗanda ciwo ya kwantar. A fannin fata ma an ga haka. Masu binciken Stanford da suka nuna a 2017 cewa manhajarsu ta yi kafaɗa da kafaɗa da likitocin fata 21 wajen gane sankara, sun lura cewa hoton da aka ajiye rula a gefen tabo ya fi jawo hukuncin sankara, domin likita ba ya auna tabo sai in ya riga ya yi zargi.

Batun fata ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan hotunan da ke manyan rumbunan da ake horar da waɗannan manhajoji na farar fata ne. A jikin baƙar fata, sankarar fata mai tsanani ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta duka. Irinta ce ta yi ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ƙarƙashin farcen ƙafa ta faro. Manhajar da ba ta ga irin wannan da yawa ba za ta dube shi ta ba da amsa da cikakken ƙarfin gwiwa, ba za ta ce ban saba da wannan ba. Wani lokacin ma ba hoto ne matsalar ba, tambayar da aka ɗora ta a kai ce. A 2019 Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka gano cewa wata manhaja da ake amfani da ita a kan miliyoyin mutane a Amurka don zaɓen waɗanda za a ba kulawa ta musamman, kuɗin da aka kashe wa mutum a baya take ɗauka a matsayin ma'aunin ciwonsa. Baƙar fata ba su samun kulawa daidai da farare, don haka kuɗin da aka kashe musu kaɗan ne, sai ta ɗauke su a masu sauƙi. Da aka gyara lissafin, kasonsu cikin waɗanda suka cancanta ya tashi daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa kusan 47. Duk wanda ya san yadda matar ƙauye take jinkirin zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinta, ya san abin da irin wannan lissafi zai yi mata.

Ƙasar Tailan ta ba da darasin da ya fi kusa da yanayinmu. Ciwon suga yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke can ƙuryar ido, yana makantarwa a hankali, kuma in an gano da wuri ana iya tsayar da shi. Google ya horar da manhaja da hotunan ido kusan 128,000, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna ta kai ƙwararrun likitocin ido. Sai aka kai ta ƙananan asibitoci 11 a Tailan tsakanin 2018 da 2019, inda a da majinyaci kan jira har mako goma kafin ƙwararre ya duba hotonsa. Manhajar ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, ta ce ba su fito da kyau ba, domin da hotuna masu tsabta aka horar da ita, ɗakunan kuwa ba su da duhun da ake bukata. Intanet yana jan ƙafa, layi yana tsawo. Wanda aka ƙi hotonsa sai a ce ya tafi babban asibiti, alhali nas ɗin da ke gabansa tana kallon hoton tana ganin babu komai. Ba a ce manhajar ba ta iya aiki ba. Inda komai ya daidaita ta taimaka ƙwarai. Amma ɗakin awo na asibitin sha-ka-tafi, da ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa tana tafiya, suna cikin jarrabawar da dole a ci.

A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin hoto, nan da shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce, asibitocin Turai da Amurka har yau neman su suke yi. Abin da ya tabbata shi ne haɗin gwiwa. A Suwidin an yi gwaji da mata kusan 80,000 masu zuwa awon sankarar mama. Sakamakon farko a 2023 ya nuna likita da manhaja tare sun gano ciwon fiye da likitoci biyu da kusan kashi 20 cikin 100, aikin karatu kuma ya ragu da kashi 44. A can, bayan na'ura akwai ƙwararren da zai ce mata a'a. Inda aka sake mata kuwa an ga illa: wata manhajar kamfanin Epic da ɗaruruwan asibitocin Amurka suka ɗauka don gargaɗi kan shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da Jami'ar Michigan ta auna ta a 2021, sai aka tarar ta tsallake kashi biyu cikin uku na masu ciwon, tana kuma buga ƙararrawa a kan kusan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Ma'aikacin da ƙararrawa ta dame shi a banza, ranar da ta yi gaskiya ba zai waiwaya ba.

To, mu fa? Rashin ƙwararrun da ya sa na'urar ta fi amfani a wurinmu, shi ne kuma ya sa ta fi haɗari, domin babu mai kama kuskurenta. Ana yawan cewa da babu gara ba daɗi, kuma a batun hoton tarin fuka na yarda, saboda bayan hoton akwai gwajin kaki da zai tabbatar ko ya ƙaryata, akwai kuma magani a ƙasa. Ban yarda da maganar ba a inda babu wannan mataki na biyu. Manhajojin hira irin su ChatGPT, da suka bazu tun ƙarshen 2022, suna cikin wayar ɗalibi da mai kemis da uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare. Suna amsawa da lafazi mai daɗi, kuma sukan ƙaga abin da babu da irin muryar da suke faɗin gaskiya. Mafi yawan rubutun da suka koya daga gare shi na ƙasashen da zazzaɓin yaro ba kasafai yake zama maleriya ba ne. Waya ba ta taɓa wuyan yaro ta ji ya sanƙare, a yankin da sanƙarau ke zuwa da zafin bazara yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai lafiya ya yi mata tambaya don ƙarin ilimi, babu laifi. Amma ta zama dalilin jinkirta zuwa asibiti, wannan ina jin tsoronsa ƙwarai.

Akwai kuma tambayar ina hotunan suke tafiya. Kowane hoton ƙirji da aka ɗauka a kasuwa dukiya ce ga mai gina manhaja, musamman na Afirka da suke da ƙaranci. A Ingila, hukumar kare bayanai ta yanke a 2017 cewa asibitin Royal Free na Landan ya saɓa doka da ya miƙa wa kamfanin DeepMind bayanan majinyata kusan miliyan 1.6 ba tare da an sanar da su yadda ya kamata ba. Mutanen Kano ba sai an yi musu dogon bayani kan muhimmancin izini ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya har aka sasanta a 2009, sun bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Amana in ta karye a harkar lafiya, yaran da ba su ji ba su gani ba ne suke biya. Najeriya ta samu dokar kare bayanai a 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman. Saura a ga ana yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, kafin ya cire riga, cewa ga inda hotonsa zai je, ga wanda zai gani, kuma yana da ikon ya ce bai yarda a yi wani amfani da shi ba, a duba shi duk da haka.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan tsari shi ne wanda manhaja ta ba maki mai yawa, aka karɓi kakinsa, sakamako ya dawo babu tibi. Irinsa sun fi waɗanda ake samu da ciwon yawa. Wasunsu tsohon tabo ne kawai. Amma a cikinsu akwai mai zuciyar da ta kumbura saboda hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, akwai mai ruwa a ƙirji, akwai mai ƙurar dutse, akwai mai sankarar huhu, akwai kuma mai tibin da ƙwayoyinsa ba su yi yawan da gwaji zai kama ba. Kuɗin shirin na tarin fuka ne, rajistar ta tarin fuka ce, don haka sau da yawa abin da zai ji shi ne "Alhamdu lillahi, Baba, ba ka da shi," motar kuma ta wuce gari na gaba. Wasu daga cikin manhajojin suna iya nuna waɗannan sauran alamomi, kuma tunda hoton a kwamfuta yake, ana iya tura shi ga likitan hoto a Kano ko Zariya ya duba cikin mako. Abin da hakan ke bukata shi ne takardar turawa zuwa asibitin da aka riga aka yi magana da shi, lambar wayar da za a kira mutumin, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin bin sawunsa, a kuma sa kuɗin waɗannan a kasafin shirin tun ranar da ake sayen na'urar.